Mai biya daban, mai cire haƙori daban

Ƴan uwa mata, ƙungiyoyinmu da dama suna shawarar ware wani abu daga asusu don ciwo, a ƙulla yarjejeniya da likita, asusu ya riƙa biya. Shawara ce mai kyau. Amma kafin mu sa hannu, ku ji abin da ya faru da haƙoran mutanen Ingila.

A can, tun 1991 gwamnati ta raba aikin lafiya biyu: masu riƙe kuɗi su sayi aiki da sunan jama'a, masu magani su yi aikin a biya su. A watan Afirilun 2006 aka sake wa likitocin haƙora lissafi, aka koma biyansu da maki. Duba baki, maki 1. Cike haƙori ko cire shi, maki 3. Haƙoran roba, maki 12.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ko haƙori ɗaya likita ya cike ko biyar, maki 3 ne. Cirewa, da ba ta ɗaukar lokaci, maki 3. Wanke jijiyar haƙori don a cece shi, aikin zama biyu ko uku, shi ma maki 3. Wa zai zaɓi wahala? Gyaran jijiya ya ragu ƙwarai, cirewa ta ƙaru. Mai baki duk rami, wanda yawanci talaka ne, ya zama asara ga likita. Sai a 2022 aka ƙara maki ga aiki mai nauyi. Ba mugunta ba ce ta likitoci, lissafin ne ya tura su.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Tun 2006 maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne a Nijar, gwamnati ke biya daga baya. In biyan ya yi jinkiri, magani ya ƙare, sai a miƙo mana takarda mu je mu saya.

Saboda haka in za mu zauna da likita, a rubuta kuɗin cikewa daban, na cirewa daban, kuma haƙori-haƙori za a ƙirga. A rubuta ranar biya, mu kuma kada mu saɓa ta. Sannan ma'ajiya ta riƙa tambayar duk wadda ta dawo: me aka yi miki, an ba ki zaɓi kafin a cire?