Daga Goron Gwanja Zuwa Zinariyar Indiya: Ina Kayan Gana Ke Zuwa?

Jama'a, masana tattalin arziki suna da wani ma'auni da suke duba lafiyar cinikin ƙasa da shi. Sukan tambaya: cikin kayan da ƙasa ke sayarwa waje, nawa ke zuwa ƙasashen da suka ci gaba, nawa kuma ke zuwa ƙasashe masu tasowa irin namu? Wani zai ce wannan maganar manyan ofisoshin Ankara ce. To, ba haka ba ne, domin amsar ta shafi tukunyar kowane gida a Moshi Zongo.

Kafin zuwan Turawa, babban cinikin wannan yanki da 'yan'uwanmu na arewa ake yinsa. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan zo Salaga da tufafi da fatu da kanwa, su koma da goron Asante, wanda har yau ake kira goron Gwanja. Mosawa kuma sukan gangaro da shanu da tumaki, sunansu ne ma unguwarmu ta ɗauka. Bayan Ingilishi sun ci Asante a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga ya ɓarke a 1892, sai fatake suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran zangogi. Mulkin mallaka kuwa ya juya fuskar ciniki zuwa bakin teku. Koko da zinariya da katako suka riƙa tafiya Ingila da sauran ƙasashen Turai da Amurka, aka daɗe a haka har bayan samun 'yanci a 1957.

Daga baya al'amarin ya sake. Tun da aka fara haƙo man fetur a rijiyar Jubilee a 2010, Sin ta shiga sahun manyan masu sayen ɗanyen man Gana. Indiya da Afirka ta Kudu suna cikin masu karɓar zinariya, ɗanyen kashu kuma yana tafiya Indiya da Biyetnam. Saboda haka rabon ƙasashe masu tasowa ya ƙaru ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin iyayenmu.

Amma fa mai karatu ya lura. Kusan duk kayan nan ɗanye suke fita. Can ake fasa kashun, can ake ƙera zinariyar, can kuma ayyukan yi suke tsayawa. Mai saye ne ya canza, tsarin cinikin yana nan yadda Turawa suka bar shi. Haka ita ma kaɗanyar da matan ƙauyukan arewa ke tsintowa da sassafe, da yawanta ƙwaya take fita, ribar man kaɗe kuma ta faɗa aljihun wasu.

Cinikin da ya fi taɓa mu shi ne na maƙwabta. Daga Tamale zuwa iyakar Paga kimanin kilomita 200 ne. Ta nan shanu da tumatir ke shigowa daga Burkina Faso, albasa daga Nijar, ta nan kuma gishiri da goro da kayan roba ke haurawa. Da yawan wannan ciniki ba ya shiga littafin kwastan, domin a kan babur da keke da ƙananan motoci yake tafiya. Abin da ba a ƙidaya ba kuwa, wuya a tuna da shi ranar tsara doka.

Mun sha ganin illar haka. Dokar korar baƙi ta 1969 ta raba gidajen fatake da yawa da sana'arsu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, motocin kaya suka maƙale a hanya. A watan Janairu 2025 kuma Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa tun 1975 don sauƙaƙa zirga-zirga. Duk lokacin da manya suka saɓa, mai buhu goma a kasuwar Aboabo shi ke fara ji a jikinsa.

Akwai ƙofa guda da ta buɗe. Hedkwatar yarjejeniyar kasuwancin bai-ɗaya ta Afirka, wato AfCFTA, a Ankara take, kuma an ƙaddamar da ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021. Sai dai rangwamen harajinta na mai takarda ne: wanda ya yi rajistar kasuwancinsa, yake da shaidar asalin kayansa.

Nan ne aikin ya rage gare mu. Muna da abin da kuɗi ba ya saya, wato harshen da ake ciniki da shi daga Tamale har Maraɗi da Kano, da kuma amanar da kakanni suka bari. Ya kamata 'yan kasuwarmu su haɗa kai su yi rajista, matanmu su sayar da man kaɗe a madadin ƙwaya, yaranmu kuma su riƙe boko da lissafi da Faransanci, don su iya cika takardun iyaka da hannunsu. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah ya albarkaci neman kowa, ya zaunar da iyakokinmu lafiya. Amin.