Mdou Moctar da Zamanin Waƙar da Ke Yawo a Waya

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga jihar Tawa ta Nijar ya tsallako Sakkwato, ya shiga sitidiyo ya naɗi waƙoƙinsa da harshen Tamashek. Sunansa Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar. Ba shi da kamfani, ba shi da uban gida. Kundin da ya yi, mai suna Anar, bai shiga kanti ba a lokacin, sai dai ya karaɗe Sahara cikin wayoyin mutane. Hanyar da ya bi ita ce dubban matasa ke bi yau: su rubuta abinsu, su rera, su kai wa jama'a ba tare da jiran kowa ba.

Ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa. Bayan ya ga wasan makaɗin jita Abdallah Oumbadougou, sai ya samu katako da wayoyin birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko, ya koyi kaɗawa da hannun hagu, don bahago ne.

Me ya sa irin wannan yaro ya samu kunnen jama'a? Sitidiyo ya yi araha, kuma masana'antar finafinan Hausa ce ta jawo hakan. Ɗaki guda, kwamfuta da fiyano sun isa. Duk wanda ya saurari Anar zai ji hannun masu haɗa waƙoƙin finafinanmu: gangar inji, da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa har tana rawa. Wannan gauraye na jitar Abzinawa da salon Hausa shi ya bambanta shi da tsararsa. Sai kuma wayoyi masu arha da ke ɗaukar memori. A ƙauyen da ko sabis babu, mutum biyu za su kusanto da wayoyinsu, su kunna bulutut, waƙa ta haura. Direban babbar mota ya tafi da ita Agadas, ɗan cirani ya wuce da ita Libiya. Kuma Abzinawa sun daɗe da sabawa da haka, tun lokacin da kaset-kaset na ƙungiyar mawaƙa ta Tinariwen ke yawo hannu da hannu a shekarun tawayensu.

Riba ta farko suna ne, kuma suna ne ke kawo gayyatar biki, inda mawaƙin Agadas ke samun na cefane. Amma waƙar da aka tura sau dubu ba ta mayar wa mai ita ko dala. Mai teburin turi a bakin kasuwa yana cajin kuɗinsa, wanda ya yi wahalar kuwa shiru. Abin da ya fi ciwo, sau da yawa sunan mawaƙi kan ɓace a hanya, waƙa ta zama marar uba.

Mdou ya tsira daga wannan ne saboda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙarsa Tahoultine a wayoyin mutane a arewacin Mali. Ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones, ya bi sawu har ya gano shi. Daga nan aka yi kundin Afelan a 2013, fim a Agadas a 2015, kundin Ilana a 2019, sannan kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime a 2021. A wannan tafiya salon Sakkwato ya ja baya, jita mai ƙara ta mamaye gaba, kuma ita ce Turai da Amurka suka fi sani.

Nan ne abin ke damuna. Jama'arsa ne suka fara gane shi, su suka yaɗa shi, amma sai da baƙo ya shigo kafin basirarsa ta zama abin dogaro. Nijar na da ofishin kare haƙƙin mawallafa, Najeriya ma na da hukumarta, sai dai hannunsu bai kai teburin mai turi ba. Yanzu WhatsApp da TikTok da Audiomack sun karɓe aikin bulutut, kuma yaron da ya naɗi waƙa a Damagaram ko Gusau har yau biki yake jira kafin ya mayar da kuɗin sitidiyo.