Ɗaliban Kwamfuta A Azare Da Matsalar Cikar Faifai

A shekarar 1916 aka ɗauke fadar masarautar Katagum zuwa Azare, mulki kuwa bai tsaya ba. Irin wannan ƙaura ce ke fid da masu koyon rubuta manhaja a garin daga ƙunci. Python, alal misali, yakan jibge fayilolinsa na wucin gadi a faifan C, wanda in ya cika sai aikin ɗalibi ya tsaya cik. Maganin shi ne mai Windows ya buɗe jaka a faifan D, ya juya adireshin TEMP da TMP can, mai Linux kuwa ya sauya TMPDIR, sa'an nan a rufe manhajar a sake buɗewa. Amma kada a kai su filashi, domin da zarar an zare shi, aiki ya lalace.