Sauƙaƙa Giyar Tsohon Keke

Sau da yawa mukan ga malami ya jingine tsohon kekensa Raleigh, wai ya yi masa nauyi a hawan tudu. To, kafin a yi asarar kuɗi wajen sayen sabo, a dubi haƙoran giya.

Wasu daga cikin kekunan nan suna da giya uku ta Sturmey-Archer, samfurin AW, wadda aka fara ƙerawa a Nottingham ta Ingila a 1936. Giya ta ɗaya takan rage kashi ɗaya cikin huɗu, ta uku ta ƙara sulusi. Amma tushen nauyin yana ga ɗan faifan baya. In na gaba yana da haƙora 46, na baya 18, a sa mai gyara ya canja shi da mai 22, ya ƙara wa sarƙa gaɓa biyu. Nauyin tuƙi zai ragu kusan kashi ɗaya cikin biyar, ko da yake gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya zai ragu.

Sai dai a daidaita waya sosai, gama in ta goce feda kan zame tsakanin giya ta biyu da ta uku, ta kā da mutum. Kada kuma a ɗiga man gyaɗa, yakan daskare. Man keke ya dace.