Dodo Mai Ƙaho Da Yaro Mai Fuskar Salihai

A ranar 25 ga watan Fabrairu, 2022, kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fito da wani wasan kwamfuta mai suna Elden Ring, inda mai wasa yake shiga rigar wani korarren jarumi, ya yi ta gwabzawa da dodanni da 'ya'yan sarakuna. Shugaban aikin, Hidetaka Miyazaki, ba ya ba da labari tiryan-tiryan. Sai dai ya yayyafa shi gutsure-gutsure cikin bayanin takobi ko sulke ko laya, kowa ya tsinta ya haɗa da kansa.

To, abin da aka tsinta game da Mohg ba shi da daɗin ji. Shi ɗa ne ga Sarauniya Marika, amma an haife shi da ƙahoni, abin da a mulkinta ake ɗauka la'ana. In ɗan talaka ne, akan sassare ƙahonin, galibi jaririn ya mutu. In kuwa jinin sarauta ne, sai a jefa shi cikin magudanun ƙarƙashin birnin Leyndell. Can Mohg ya girma. Daga baya ya kafa daular masu zubar da jini, ya kuma ɗauke ƙanensa Miquella, watau yaron da ba ya girma har abada, wanda ya dasa wata itaciya ta zama mafakar waɗanda aka tsangwama.

Shekara biyu cur ana yi wa Mohg tofin Allah tsine. Amma wasu masu bin diddigi sun yi ta nuna bayanin wani reshen tsafi, wanda ya nuna Miquella ya iya tilasta wa zukata su so shi. Suka ce anya mai wannan baiwa zai satu ba da sonsa ba? Ba kowa ya saurare su ba, domin ido ya riga ya yanke hukunci: wannan ƙaho ya huda masa ido ɗaya, wancan kuwa gashinsa kamar zinariya.

Ran 21 ga Yuni, 2024, aka fito da ci gaban wasan, Shadow of the Erdtree, wanda aka sayar da miliyan 5 cikin kwana uku. A nan ne Ansbach, tsohon barden Mohg, ya fasa ƙwai: ashe asiri Miquella ya yi wa ubangidansa. Bayan mutuwar Mohg ma bai ƙyale shi ba, sai da ya zuba ran wansu Radahn a cikin gawarsa. Burinsa shi ne ya kafa zamanin tausayi, inda kowa zai yi alheri ko yana so ko ba ya so. Da shi da Radahn ake yin yaƙin ƙarshe.

A ganinmu, masu cewa an wanke Mohg tas sun yi gaggawa, tun da wasan bai fayyace ko asirin ya riga zubar da jinin ba. Gardamar da ta fi zafi ma ta koma kan uwarsu. An gano cewa wata al'umma mai ƙahoni ta riƙa cusa dangin Marika cikin manyan tuluna tun kafin ta hau mulki. Saboda haka wasu ke zaton duk lokacin da ta dubi jaririnta Mohg, fuskar waɗanda suka ƙarar da ƙauyensu take gani.