Gyaran gangar Auzinawa: a daina cire wa motoci tamostat

A watan jiya ƙanena ya sayi Corolla 'yar Kwatano bayan ya shekara uku yana tari. Kwana biyu da isowarta ya kai ta gareji a sauya baƙin mai da filogi, na raka shi. Muna zaune a benci ƙarƙashin darbejiya sai na hangi yaron gareji ya kwance tiyon ruwa, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai faɗin bakin kofin shayi da sifirin a gindinsa, ya wurga shi cikin wani tsohon daro. Na tashi na leƙa daron, na tarar da irinsa sun fi ashirin, wasu ko ɗigon tsatsa babu. Na tambayi maigidan yaron abin da ya samu wannan ƙarfe. Ya yi dariya ya ce, "Ai Alhaji lafiyarsa ƙalau. Na ƙasar ƙanƙara ne, Turawa suka sa saboda sanyinsu. A nan in ka bar shi sai ya ƙona maka gaskit. Bari ma mu haɗa maka fanka dairek, ka huta."

Wallahi na gaji da jin wannan magana. Na ji ta a Kano, na ji ta a Kaduna, na ji ta a bakin direbobin tasha da ma'aikatan ofis masu digiri biyu. Kowa na faɗinta kamar karatun da ya gada daga kakansa, kuma kullum motocin bayin Allah ake lalatawa da ita.

Wannan ƙarfe shi ne tamostat. Ƙofa ce tsakanin injin da lagireto. A cikinsa akwai ɗan ƙulli na kaki na musamman. Idan ruwan injin ya yi zafi kakin ya narke ya kumbura, sai ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya tafi lagireto ya sha iska. Idan ruwan ya huce, sifirin ya mayar da ƙofar. Aikinsa ke nan, babu wani sihiri.

To mu zo kan batun ƙasar zafi. Mai cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, a tambaye shi: nawa ne zafin garinmu, kuma nawa ne zafin da injin ke so? A watan Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa a Maiduguri da Sakkwato, zafin iska yakan haura digiri 40 da 'yan kai. Injin mota kuwa an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Zafin da ke sa mu kwana a tsakar gida bai ma kai rabin abin da injin ke buƙata ba. A wurin injin, safiyar Kano da safiyar Landan duk sanyi ne, bambancin kawai wani ya fi wani. Balle kuma a zo hunturu, a ce mutum ya tayar da mota da asuba a Jos ko Funtuwa, hannunsa na karkarwa a kan sitiyari. Wannan motar a ƙasar zafi take a lokacin?

Sannan a duba ƙasashen da suka fi mu zafi. Alhazai sun ga motocin Makka da Madina. 'Yan kasuwarmu sun ga na Dubai. Sababbin motocin da kamfanoni ke kai wa waɗannan wurare da tamostat ɗinsu suke zuwa, suna gudu a hamada da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, kuma ba a jin suna tafasa a hanya. Injiniyoyin da suka ƙera injin ba su manta da Afirka ba. Abin da wani kamfani kan yi wa motar da zai kai ƙasa mai zafi shi ne ya ƙara ƙarfin lagireto ko fanka, amma ƙofar tana nan.

Abin da masu wannan ɗabi'a suka kasa ganewa shi ne, lafiyayyen tamostat ba ya hana injin sanyaya. Yawancin na Toyota suna fara buɗewa a digiri 82, wasu motocin 78, wasu 88, kuma lambar tana rubuce a jikin ƙarfen. Kafin zafi ya kai wajen 95 ya gama buɗewa gaba ɗaya. Wato a daidai lokacin da kake tsoron mota za ta yi zafi, a cunkoson rana tsaka, ƙofar a wangale take. Idan mota ta tafasa alhali ƙofa a buɗe, laifin yana wani wuri: lagireto ya toshe, ko fanka ta yi rauni, ko famfon ruwa ya cinye, ko murfi ba ya riƙewa, ko ruwa na zuba, ko gaskit ya riga ya tafi. Cire tamostat a nan daidai yake da mai zazzaɓi ya fasa ma'aunin zafi ya ce ya warke.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Injina da yawa suna da 'yar gajeriyar hanya a ciki wadda ruwa ke zagayawa ta cikinta lokacin da injin ke da sanyi, ba tare da ya je lagireto ba. Tamostat ɗin irin waɗannan injina yana da ɗan faifai a ƙasansa wanda ke toshe gajeriyar hanyar da zarar babbar ƙofa ta buɗe, don a tilasta wa ruwan duka ya bi ta lagireto. Ka cire shi, gajeriyar hanya ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa injin bai sha iska ba. Sai ka ga motar da aka yi wa wannan "gyara" tana sanyi ƙalau da safe, da rana kuma a hawan tudu allura na neman ja. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ɓarnar da injin mai sanyi ke yi a hankali take zuwa, shi ya sa ba a ɗora wa bakanike laifinta. Motocin yanzu duk suna da ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke kira biren-bokis, kuma tana karanta zafin ruwa kafin ta yanke yawan fetur da za ta ba injin. Muddin ta ga injin bai ɗumama ba, za ta riƙa ƙara masa mai, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci masu kafireto. Motar da ba ta da tamostat kuwa takan daɗe ba ta ɗumama ba, a doguwar hanya da dare ma ta koma sanyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wa ke da kuɗin da zai ƙona a banza? Amma ga mutum yana kukan motarsa na shan mai kamar raƙumi, ya sauya filogi, ya wanke nozul, ya zagi gidan mai, bai san daron gareji ne ya cinye masa albashi ba. Rarar fetur ɗin nan kuma ba a salansa kaɗai take ƙarewa ba. Tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, fistin da ringi su riƙa goga ƙarfe da ƙarfe, sauran ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Damshin da ke taruwa a cikin injin, wanda zafi ya kamata ya ƙone, sai ya haɗu da mai ya zama baƙin kunu mai toshe hanyoyi. Bayan shekara biyu ko uku mota ta fara hayaƙi, a ce maka sai an sauke injin, kai kuma ka ce ƙaddara ce.

Haɗa fanka dairek ɗan'uwan wannan aika-aika ne. Fankar da aka yi ta don ta tashi ta tsaya gwargwadon buƙata, an sa ta gudu tun daga kunna makulli har kashewa. Motar fankar ta ƙone da wuri, batir da cajinsa su wahala, injin ya ƙara sanyi, kuma ainihin cutar ta ɓuya.

Zan yi wa makanikai adalci a abu ɗaya. Tamostat yana lalacewa, kuma idan ya maƙale a rufe yana iya kashe injin cikin 'yan mintoci. Wanda wannan ta same shi a dajin hanyar Birnin Gwari, babu shago babu gari, ya jira injin ya huce ya cire shi don ya kai kansa gida, bai yi laifi ba. Daga irin wannan larura, da kuma jabun kaya da suka cika kasuwa, aka samo al'adar. Amma dabarar fita daga daji ba ta zama dokar zaman gari ba. Mu ma masu motoci da namu laifin, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke murna idan muka ga allurar zafi ta kwanta a ƙasa, har mu yi wa abokai alfahari cewa motarmu "ba ta ɗaukar zafi ko kaɗan". Lafiyayyar mota allurarta tana hawa zuwa wajen tsakiya cikin minti biyar zuwa goma na tafiya, ta tsaya nan, ko a cunkoso ko a babbar hanya.

Ga yadda za ka gane halin da taka ke ciki. Da safe, kafin a tayar da motar, buɗe bonet ka taɓa tiyon sama na lagireto, sannan a tayar. Kula da hannunka da hannun rigarka, don fanka na iya tashi da kanta, ga kuma bel na juyawa. Idan tamostat lafiya yake, lagireto zai zauna da sanyi na ɗan lokaci, sai allura ta kusa tsakiya ka ji zafi ya shigo tiyon a lokaci guda. Idan tiyon ya fara ɗumi a hankali tun mintocin farko, allura kuma ta ƙi hawa ko tana sauka in ka hau babbar hanya, to ko dai ya maƙale a buɗe, ko an riga an cire maka ba ka sani ba. Na'urar binciken kwamfuta takan nuna lamba P0128 a irin wannan hali. Idan kuwa allura ta wuce tsakiya tana neman ja, ga ruwa a cike, amma lagireto na da sanyi, kashe injin nan take. Alama ce ta ya maƙale a rufe, ko famfon ruwa ya daina turawa.

Kada ka yarda da hukuncin baki. Gani ya kori ji: a ciro shi a gwada a gabanka. Idan a hannu, da sanyinsa, ka ga ƙofar a buɗe, ya mutu. Idan a rufe take, ɗaura masa zare ka rataya shi cikin tukunyar ruwa, kada ya taɓa gindin tukunya, a ɗora a wuta. Kafin ruwan ya tafasa za ka ga ƙofar ta fara motsi, ta buɗe kusan faɗin ɗan ƙaramin yatsa. Ka tsamo shi, yana hucewa ya rufe da kansa. Wanda ya ƙi buɗewa har ruwa ya tafasa, ko ya buɗe rabi ya tsaya, shi ne ya cancanci daro. Mai shayin bakin gareji ma zai iya ara maka tukunya.

Wajen sayen sabo, tafi da tsohon da lambar jikin motarka, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa kake ko a ta Panteka. Lambar digirin da ke jikin sabon ta zo daidai da wadda kamfani ya sa, girmansa da faifan ƙasansa su yi daidai da na asali. Saye shi tare da sabuwar roba ko gaskit ɗinsa. Araha ba ta ado. Wanda ya fi kowanne sauƙin kuɗi shi ne zai maƙale maka a hanya. Wasu motocin Turai tamostat ɗinsu haɗe yake da gidansa, wasu har da waya, irin waɗannan sai dai a sauya duka.

Ranar sakawa, tsaya a kan motarka. Injin ya huce sarai kafin a taɓa murfin lagireto. Ruwan ciki yana ƙarƙashin matsi, zafinsa na iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗewa zai yi tsiri ya sale maka fuska. A tara ruwan a roba. A bi tiyo har inda ya shiga injin. A Toyota da Honda da yawa gidan tamostat yana ƙarshen tiyon ƙasa ne. A kwance notocin, a lura da yadda tsohon ya zauna, a goge bakin wurin tas. Ɓangaren sifirin shi ke kallon cikin injin. In aka juya shi, kakin ba zai ji zafin ruwa ba, mota ta tafasa da sabon kaya. Idan akwai ɗan rami mai ƙaramin ƙarfe yana lilo a gefen faifan, ya kasance a sama, ta nan iska ke fita. A ɗaure notoci bi da bi, a hankali, don gidan na gorar ruwa ne ko roba, yaro mai ƙarfin hannu zai tsaga shi.

Sai zuba ruwa, inda nan ma muke da wata cutar. Ruwan rijiya da fiya-wata su ne ke haifar da tsatsa da farin dutsen da ke toshe lagireto ya maƙale tamostat. Zuba ruwan kala na gaskiya, wanda littafin motar ya ambata, kada a cakuɗa iri biyu. Tsohon da aka tara kuwa guba ne mai zaƙi, a kawar da shi daga yara da awaki da kaji. Bayan an cika, a murɗa hita zuwa zafi, a bar injin yana aiki murfi a buɗe, ana matsa tiyo, har kumfa ta daina fitowa fanka ta tashi ta tsaya da kanta. A ƙara ruwa, a rufe, a zagaya gari ana duban allura, a leƙa ko akwai ɗiga. Washegari da safe a sake duba ruwan. In ka ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaƙi mai yawa na fita bayan injin ya yi zafi, gaskit ya tafi, sabon tamostat ba zai yi maganinsa ba.

Shi dai ƙanena, na sa yaron ya tsamo nasa daga daron, muka gwada shi a tukunyar mai shayi, ya buɗe ya rufe a gaban kowa. Maigidan ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, motarku ce, amma ba ruwana." Aka mayar da shi. Ta je Abuja ta dawo sau biyu, allura na tsakiya. Duk wanda ya sayi mota ta hannu, ko ya daɗe yana kai tasa gareji ba ya tsayawa, ya sa a buɗe masa gidan tamostat a wannan makon ya ga ko akwai wani abu a ciki.