Yadda masu ƙera wasanni suka juya wa Wii U baya, suka kuma rungumi Switch

A watan Yunin 2011, a babban baje kolin wasannin bidiyo na E3 da ake yi a birnin Los Angeles na Amurka, shugaban kamfanin Electronic Arts na wancan lokaci, John Riccitiello, ya hau dandamalin kamfanin Nintendo na ƙasar Japan. A ranar ce Nintendo ta fara nuna wa duniya sabuwar na'urarta ta wasa mai suna Wii U, Riccitiello kuwa ya yi alkawarin cewa kamfanonin biyu za su ƙulla haɗin gwiwar da ba a taɓa ganin irinsa ba.

Ba a cika shekara biyu da wannan magana ba, a watan Mayun 2013, EA ta sanar cewa ba ta da ko wasa ɗaya da take ƙera wa Wii U. Lokacin na'urar ba ta fi wata shida a kasuwa ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa rumfar wasan PlayStation a Maraɗi, Damagaram ko Yamai ya san nauyin wannan sanarwa, domin EA ce ta ƙera wasan ƙwallon ƙafa na FIFA da samari ke layi a kansa. Wii U ta samu FIFA sau ɗaya tak, wato FIFA 13. Da FIFA 14 ya fito, an yi shi wa tsohuwar Wii, an yi shi har wa PlayStation 2 wadda ta shekara goma sha uku a duniya, amma aka tsallake sabuwar na'urar Nintendo.

Injin da ba a gani

Don a gane abin da ya faru, sai an san abin da masu sana'ar ke kira injin wasa. Kamfanonin zamani ba sa fara kowane wasa daga tushe. Suna da wata babbar manhaja da ke ɗauke da aikin da kowane wasa ke buƙata: zana hoto a kan allo, haske da inuwa, yadda ƙwallo ke tashi idan an buga ta, yadda mota ke birkicewa, sauti, da karɓar umarni daga hannun mai wasa. Kamar injin babbar mota ne da ƙarfen ƙasanta; wani ya ɗora masa tankin mai, wani ya ɗora akwatin dakon albasa, amma abin da ke jan su ɗaya ne. Wasu kamfanoni na da injinsu na gida, kamar Frostbite na EA. Wasu kuwa haya suke yi, galibi Unreal Engine na kamfanin Epic Games ko kuma Unity.

Idan injin ya san wata na'ura, kai mata wasa aiki ne na gyare-gyare. Idan bai san ta ba, sai an ware injiniyoyi da watanni da kuɗi masu yawa kafin ma hoton farko ya bayyana. Shi ya sa hukuncin mutane ƙalilan da ke kula da injin kan shafi wasanni goma ko ashirin a lokaci guda.

Haka ta kasance da Wii U. Johan Andersson, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin Frostbite a kamfanin DICE na ƙasar Suwidin, ya bayyana a 2013 cewa sun gwada Frostbite 2 a kan na'urar, sakamakon bai ba su ƙwarin gwiwa ba, don haka ba su ma gwada Frostbite 3 ba. Da wannan magana guda Battlefield 4, Need for Speed Rivals, Dragon Age: Inquisition da wasannin Star Wars da EA ta yi daga baya duk suka wuce Wii U. A shekarar kuma aka tambayi Mark Rein na Epic Games ko Unreal Engine 4 zai zo kan na'urar, sai ya yi dariya ya ce a'a. Daga baya ya sassauta, ya ce wanda ya ga dama yana iya ɗaukar injin ya daidaita shi da kansa, amma dai Epic ba ta ɗauki nauyin aikin ba.

Raunin na gaske ne. Ƙwaƙwalwar Wii U ƙirar IBM ce ta dangin PowerPC, jikar wadda ke cikin GameCube tun 2001, mai sassa uku da ke gudu a kan gigahaz 1.24. Ma'ajiyar aikinta gigabayit 2 ce, rabi kawai ake bai wa wasa. Shekara guda bayan fitowarta, a Nuwamban 2013, Sony da Microsoft suka fito da PlayStation 4 da Xbox One, kowace da gigabayit 8 da ƙwaƙwalwa mai sassa takwas ƙirar AMD, irin tsarin da kwamfutocin gida ke amfani da shi. Mai ƙera wasa yana iya yin aiki ɗaya ya raba wa kwamfuta da waɗannan na'urori biyu, Wii U kaɗai ce ke neman a yi mata nata girkin daban. Tun a makonnin farko babban injiniyan kamfanin 4A Games, masu wasan Metro: Last Light, ya kira ƙwaƙwalwar tata mai mugun jan ƙafa.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ke hana a ɗora wa rauni laifin duka. Kamfanin Criterion na Ingila, wanda shi ma mallakar EA ne, ya fitar da Need for Speed: Most Wanted a kan Wii U a watan Maris na 2013, kuma masu sharhi sun yarda hotonsa ya fi na PlayStation 3 da Xbox 360 kyau. Sannan shugaban kamfanin Crytek na Jamus a wancan lokaci, Cevat Yerli, ya ce sun riga sun sa Crysis 3 yana gudu a kan Wii U, abin da ya hana shi fitowa shi ne rashin jituwar kasuwanci tsakanin EA da Nintendo. Game da FIFA ma, dalilin da EA ta bayar shi ne FIFA 13 bai yi ciniki a kan na'urar ba.

Ciniki kuwa ya ƙi. Wii ta farko ta sayar da fiye da miliyan 101. Wii U a duk rayuwarta ta tsaya a miliyan 13.56. Sunan ya rikita iyaye da dama, suka ɗauka wani ƙarin kayan Wii ne. Daga nan sai abu ya zama kaza da ƙwai: babu masu saye don babu wasanni, babu wasanni don babu masu saye. Kamfanin Ubisoft na Faransa, wanda ya fi kowa tsayawa da Nintendo a farko, ya ɗage Rayman Legends daga Fabrairu zuwa kusan ƙarshen daminar 2013 don ya fitar da shi a kan sauran na'urori, alhali an yi alkawarin na Wii U ne kaɗai. Shugabansa Yves Guillemot ya ce wasan ZombiU bai mayar da kuɗinsa ba. Watch Dogs ya iso Wii U wata shida bayan kowa ya gama buga shi. A Janairun 2014 shugaban Nintendo, Satoru Iwata, ya rage albashinsa da rabi na tsawon wata biyar. An daina ƙera na'urar a farkon 2017.

Wuri ɗaya da Nintendo ta yi dabara a wancan zamani shi ne yarjejeniyar da ta ƙulla da Unity a 2012, wadda ta bai wa masu ƙera wasa damar amfani da injin a kan Wii U ba tare da biyan kuɗin lasisi na daban ba. Ƙananan kamfanoni masu mutum uku ko biyar sun amfana. Ba su isa su ceci na'urar ba, amma Nintendo ta ga yadda ƙofa ke cika idan aka buɗe ta.

Wata mai raunin, wani sakamakon

Switch ta fito ranar 3 ga Maris 2017, kuma idan aka auna ta da PlayStation 4, ita ma baya take nesa. Ƙwaƙwalwarta Tegra X1 ce ta kamfanin Nvidia, wadda aka fara sakawa a kayan Android tun 2015, ma'ajiyar aikinta gigabayit 4. Bambancin shi ne tsarin ARM da take kai shi ne na kusan duk wayoyin salula, injiniyoyi sun san shi ciki da bai. Nvidia ta taimaka wajen haɗa kayan aikin masu ƙera wasa, kuma kafin na'urar ta shiga shago Unity da Unreal Engine 4 duk sun riga sun san ta. Ga kuma hujjar da Wii U ba ta taɓa samu ba: wasan da a da sai an zauna gaban talabijin, yanzu ana iya sa shi a jaka a tafi da shi.

Sai aka fara ganin abin da mutane suka ce ba zai yiwu ba. Kamfanin Panic Button na jihar Texas ya kawo Doom a Nuwamban 2017, ya rage gudun hoton daga 60 zuwa 30 a daƙiƙa guda, ya dusashe kaifinsa, amma wasan dai shi ne, daga farko har ƙarshe. A Oktoban 2019 Saber Interactive ta cusa The Witcher 3 gaba ɗaya, da ƙarin labaransa biyu, a cikin kati mai gigabayit 32. Wata sabuwar sana'a ta bunƙasa, ta kamfanonin da aikinsu kawai su rage wa manyan wasanni ƙiba har su shiga ƙaramar na'ura. Ana biyan su ne saboda lissafin ya canza: Switch ta wuce miliyan 150, kuma babu ɗan kasuwar da ke ƙyale kasuwa mai wannan girma don rumfar ta yi ƙunci.

Ba kowa ne ya yi aikin da zuciya ɗaya ba. EA ta dawo da FIFA 18, amma a kan wani inji na daban, babu wasu sassan da masu PlayStation ke morewa. Daga FIFA 20 zuwa FIFA 23 abin da masu Switch ke saya kusan wasa ɗaya ne da aka sabunta wa riguna da sunayen ƴan wasa, kamfanin ma bai ɓoye ba, ya rubuta a jikin kwalin. Frostbite bai taka Switch ba sai 2021 da wani wasan Plants vs. Zombies, ƙwallon ƙafa kuma sai da ta jira EA Sports FC 24 a Satumban 2023, shekara shida da rabi bayan fitowar na'urar. Wannan jinkiri ya nuna cewa injin zai iya tun da can, niyyar kashe kuɗin ce ba a yi ba. A wannan watan kuma Mortal Kombat 1 ya fito a Switch da fuskoki masu zare ido da suka zama abin dariya a intanet, kuma a kan dala 70, farashi ɗaya da na PlayStation 5. Wasu kamfanonin suka zaɓi gajeriyar hanya: wasanni irin su Control da Hitman 3 ba a cikin Switch suke gudu ba, a wata kwamfuta ce mai nisa, hoton kawai ake turowa ta intanet. Inda layi ke yankewa, wannan ba wasa ba ne.

Matsalar ba ta Nintendo kaɗai ba ce. Microsoft ta shar'anta cewa duk wasan da zai fito a Xbox Series X sai ya yi aiki a ƙanwarta mai araha, Series S, mai gigabayit 10. A 2023 wannan sharaɗi ya riƙe Baldur's Gate 3 na tsawon watanni, saboda kamfanin Larian ya kasa sa tsarin raba allo tsakanin mutum biyu ya yi aiki a ƙaramar. Sai da Microsoft ta yarda a cire shi kafin wasan ya fito a Disamba.

Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025, ta sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu. Har yanzu tana bayan PlayStation 5 a ƙarfi, amma tana da gigabayit 12 da wata fasahar Nvidia mai suna DLSS, wadda ke zana hoto ƙarami sannan ta faɗaɗa shi ya yi kaifi. Cyberpunk 2077, wasan da ya durƙusar da PlayStation 4 har Sony ta cire shi daga shagonta a 2020, yana cikin waɗanda suka fito a ranar farko. Microsoft ma ta sa hannu tun 2023 kan yarjejeniyar shekara goma ta mayar da Call of Duty na'urorin Nintendo. Na ƙarshe da aka yi wa Wii U shi ne Ghosts, a 2013.

Sabon ƙorafin kuwa ya fi shafar mai saye a ƙasashe irin Nijar, inda ake lissafin kowane gigabayit na intanet da kuɗi. Kamfanoni da yawa, don guje wa tsadar kati mai girma, suna sayar da wasanninsu na Switch 2 a wani kati da ba ya ɗauke da wasan, mabuɗi ne kawai, sai mutum ya koma gida ya sauke dukan wasan daga intanet. Street Fighter 6 haka ya zo. CD Projekt ta ƙasar Polan ta biya kuɗin kati mai gigabayit 64, ta saka Cyberpunk 2077 a ciki gaba ɗaya. Alamar mabuɗin tana ƙasan kwalin ta gaba, a cikin wani farin layi.